Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Masu Ba da Jini Sadaka a Unguwa, da Irin Shugabannin da Za Su Riƙe Ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin haihuwa da tsakar dare, aka fito aka miƙa masa 'yar takarda aka ce ya nemo leda biyu ta jini kafin asuba, ya san cewa a wannan sa'a kuɗin da ke aljihunsa ba su da amfani sosai. Ni ma na tsaya a irin wannan wuri, a wata damina, a wani asibiti da ke gabashin Sudan, lokacin da jini ya ɓalle wa matar ƙanena bayan ta sauka. Babu rukunin jininta a ma'ajiyar asibitin, don haka muka kwana muna buga waya. Samari uku suka zo cikin ruwan sama, aka mayar da ɗaya saboda zazzaɓin cizon sauro, aka tarar jinin na biyu bai dace da nata ba, sai na ukun ne Allah Ya sa aka ɗiba. Ta rayu, amma tun daga wannan dare na gane cewa abin da muka rasa shi ne sanin wanda za mu kira, domin a unguwarmu kaɗai akwai mutane da dama masu irin jininta, suna barci, ba su san ana nemansu ba, mu ma ba mu san su ba.

Saboda haka wanda ke son kafa ma'ajiyar jini ta sadaka a tsakanin Hausawan Gadarif, Kasala, Sinnar, Mai Wurno, Damazin ko Wad Madani, ya fara da fahimtar cewa aikin kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne ɗibar jini, gwada shi, adana shi da ƙara wa majinyaci, kuma wannan hurumin asibiti ne da ma'aikatan da hukumar lafiya ta amince da su, bai halatta wata ƙungiyar unguwa ta sa hannu a ciki ba komai kyawun niyyarta. Kashi na biyu shi ne samar da mutanen da za su ba da jinin bisa raɗin kansu, a kai a kai, ba tare da an biya su ba. Wannan kashi na biyu shi ne namu, kuma shi ne wanda asibiti ba ya iya yi da kansa, domin likita bai san gidajenmu ba, ba shi da ikon tayar da saurayi daga barci da sunan zumunci.

Tarihi ma a haka ya taho. A shekarar 1921 wani ma'aikacin sa kai na ƙungiyar Red Cross a unguwar Camberwell ta birnin Landan, mai suna Percy Oliver, ya sami kira daga asibitin King's College cewa ana neman mai ba da jini cikin gaggawa. Bayan an biya wannan bukata sai ya ga babu dalilin da za a riƙa maimaita wannan fafutuka kullum, ya buɗe rajistar mutanen da aka riga aka san rukunin jininsu kuma suka yarda a kira su ko da wane lokaci, ya riƙa gudanar da ita daga gidansa shi da matarsa. Sai bayan shekara 16, a 1937, likita Bernard Fantus ya buɗe wurin adana jini a asibitin Cook County da ke Chicago a Amurka, ya kira shi bankin jini. Rajistar mutane ta riga firijin adana jini na asibiti zuwa duniya, kuma a ƙasar nan mun ga hikimar hakan da idonmu: bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023, ba a yi mako biyu ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa jinin da ke ajiye a babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa a Khartum yana shirin lalacewa saboda yankewar wuta. Jinin da ke jikin lafiyayyen mutum kuwa ba ya bukatar janareto.

Matakin farko shi ne haɗa waɗanda za su aza harsashi, kuma shawarata ita ce kada su wuce mutum biyar zuwa bakwai, domin taron da ya yi yawa a farkon tafiya yakan ƙare a rabon muƙamai. Dole a sami ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ko likita ko ma'aikaciyar jinya, wanda zai zama bakin ƙungiya a wajen asibiti, ya kuma hana ta yin kuskuren da zai cutar da wani. Ana bukatar limami ko malamin da jama'a ke jin maganarsa, da dattijuwa mai mutunci wadda ke shiga gidaje, ungozoma ce ko malamar makarantar matan aure, domin babban kaso na jinin da za a nema na masu haihuwa ne da ƙananan yara, kuma labarinsu ta bakin mata yake fara fita. Ana bukatar matashi mai rikon waya wanda ba ya ƙosawa da kira, sannan ma'aji wanda kasuwa ta riga ta shaide shi da amana. Idan akwai mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ko mai mota da zai yarda a tashe shi da dare, to a jawo shi tun ranar farko, domin sau da yawa tsakanin mai ba da jini da asibiti babu abin da ya rage sai abin hawa.

Sharaɗi ɗaya nake ganin bai kamata a sassauta wa waɗannan mutane ba, shi ne kowannensu da lafiyarsa ta ba shi dama ya fara miƙa hannunsa a ɗibi jininsa kafin ya roƙi kowa. Jama'armu sun san gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir, kuma sun san cewa mai gayya shi ke fara shiga gona. Shugaban da ya tsaya a masallaci ya ce a ba da jini alhali ba a taɓa ganin auduga a gwiwar hannunsa ba, za a saurare shi don ladabi a watse. Dattijon da shekaru suka hana, ko mai ciwon da likita ya hana, ya faɗi dalilinsa a fili, ya zo ya zauna kusa da samari ranar da ake ɗiba, ya sa musu albarka, wannan ma jagoranci ne.

Kafin a yi shela a unguwa, a je asibiti mafi kusa da ke da ma'ajiyar jini a zauna da mai kula da ita. A tambaye shi wane rukuni ne ya fi yanke musu, a wane wata bukata ta fi tsanani, leda nawa firijinsu zai iya riƙewa, wane tanadi suke da shi idan wuta ta ɗauke, kuma ko suna da isassun ledoji da kayan gwaji, domin yana faruwa a kawo mutane a rasa abin da za a ɗibi jininsu a ciki. A tabbatar cewa kowace leda ana gwada ta don cututtuka huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wajabta, wato ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C da tunjere. Abin da aka amince a kai a rubuta shi, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, musamman batun cewa jinin da 'yan ƙungiya suka bayar ba za a sayar wa majinyaci ba. Sannan a gaida masu gari, sarki ne ko umda ko shehun unguwa, a sanar da su tun abin yana ƙarami. Rajista da Hukumar Agajin Jinƙai, wadda dokar ayyukan sa kai ta 2006 ta ɗora wa alhakin yi wa ƙungiyoyi rajista, dole ce ga ƙungiya, kuma kafin a kai nan babu laifi a jingina da reshen ƙungiyar agaji ta Jinjirin Wata (Red Crescent) ta Sudan da ke garin, domin sun daɗe a wannan fage.

Daga nan sai littafin rajista, wanda shi ne dukiyar ƙungiya. A rubuta sunan mutum, unguwarsa da kwatancen gidansa, lambar wayarsa da ta wani na kusa da shi, rukunin jininsa kamar yadda ɗakin gwaji ya tabbatar, da ranar da ya ba da jini na ƙarshe. Kada a karɓi rukunin jini daga bakin mutum, ko da ya rantse, domin mutane da yawa suna riƙe da abin da aka faɗa musu tun suna yara cikin kuskure. Rukunan su ne A, B, AB da O, waɗanda Karl Landsteiner ya buɗe hanyar gano su a 1901, kuma kowanne yana da mujab da salib, wato positive da negative, kamar yadda ake faɗa a asibitocin nan. Masu salib kaɗan ne a cikin jama'a, musamman a tsakanin baƙar fata, saboda haka a ware musu shafi na musamman, kada a kira su ranar gangami a ɗibi jininsu a ajiye ba tare da bukata ba, a bar su don daren da za a neme su ido rufe. Mai O salib ya fi kowa tsada a wannan littafi, domin jajayen ƙwayoyin jininsa suna shiga jikin kusan kowa idan babu lokacin jira, shi kuwa ba ya karɓa sai daga irinsa.

Wanda za a rubuta ya kasance tsakanin shekara 18 da 65, nauyinsa bai gaza kilo 50 ba, kuma ma'aunin himogilobin ɗinsa, wato gwajin da ke nuna ko yana da ƙarancin jini, bai gaza 13 ba idan namiji ne, ko 12 idan mace ce. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na kimanin lita 5 da ke jikin baligi, ruwansa yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa kuma cikin 'yan makonni. Namiji yana hutawa mako 12 kafin ya sake bayarwa, mace mako 16, kuma mai ciki da mai shayarwa ba sa bayarwa. Mai zazzaɓi ya jira har ya warke sarai, wanda ya taɓa yin ciwon kala'azar, wanda mutanen Gadarif suka san shi sosai, ba ya ba da jini. Ranar bayarwa ta ƙarshe da ke cikin littafi ita ce kariyar mai zuciyar taimako daga kansa, domin akwai saurayin da idan aka kira shi sau uku a wata zai zo sau uku, kuma hakkin shugabanni ne su ce masa, "Ɗana, lokacinka bai yi ba, ka nemo mana abokinka."

Akwai abu ɗaya da ba ya shiga wannan littafi har abada, shi ne sakamakon gwajin cuta. Idan aka sami wani abu a jinin mutum, magana ce tsakaninsa da likita, a keɓe, ƙungiya ba ta tambaya kuma ba a faɗa mata. Abin da magatakarda zai rubuta kawai shi ne "kada a kira", kalma ɗaya ga kowa, ko dalilin ƙarancin jini ne, ko hawan jini, ko tafiya, ko wani abu daban, ta yadda babu mai iya karanta sirrin wani daga shafin. Ciwon hanta nau'in B ya yaɗu a yankinmu, kuma duk ƙungiyar da ta gwada mutane da yawa sai ta ci karo da masu ɗauke da shi ba tare da sun sani ba. A unguwar da kowa ya san kowa, kalma ɗaya da ta zame daga bakin ɗan kwamiti tana iya fasa baiko ko ta raba aure, kuma daga ranar babu saurayin da zai ƙara miƙa hannunsa. Wanda aka kama da fitar da irin wannan magana a sauke shi nan take, ko da shi ne ya kawo shawarar kafa ƙungiyar.

Za a gamu da tsoro iri-iri, kuma bai dace a yi wa masu shi dariya ba. Wani yana jin ba da jini zai rage masa ƙarfi a gona ko a ɗakin aure, wani yana zargin za a sayar, wani yana tsoron a yi asiri da shi, wata kuma tana tambaya ko jinin da ta ba yaro ya mayar da shi ɗanta kamar shayarwa. Ga na farko, amsar da ta fi aiki ita ce manomi ko ɗan dako da ya bayar sau da yawa ya tashi ya yi magana da bakinsa. Ga mai zargi, a kai shi ya ga inda ake ajiye ledar da lambar da ke jikinta. Ga tambayoyin addini kuwa malam yana da madogara: Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na 11 a Makka a shekarar 1409 ta Hijira, wato 1989, ta yanke cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi, kuma sayar da jini bai halatta ba. Wannan hukunci na biyu ya dace da abin da likitoci suka daɗe da lura da shi, cewa wanda yunwa ta kawo shi sayar da jininsa yana da dalilin ɓoye ciwonsa, kuma akwai kwanakin farko na kamuwa da cuta da gwaji ba ya iya ganinta, sai gaskiyar mai bayarwa ce kaɗai ke kare majinyaci.

Game da ranar gangami, kuskuren da sababbin shugabanni suka fi yi shi ne son tara jama'a da yawa a rana ɗaya don a ɗauki hoto. Jini yana da wa'adi. Jajayen ƙwayoyi suna zama kwana 35 zuwa 42 ne a sanyin digiri 2 zuwa 6, gwargwadon irin ledar, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini kuwa, waɗanda ake nema sosai lokacin zazzaɓin dengi, kwana 5 kawai suke yi. Idan aka cika firijin ƙaramin asibiti da leda ɗari a yini guda, wani kaso zai lalace, sannan an rufe waɗannan mutum ɗari na wata uku. Ya fi kyau a tura mutum goma ko goma sha biyar kowane mako, gwargwadon abin da mai kula da ma'ajiya ya nema. A kuma yi lissafi da kalandar garin, tun da ba a fafe gora ranar tafiya: damina tana zuwa da zazzaɓin da ke shanye jinin yara a daidai lokacin da hanyoyi ke lalacewa, kaka tana kwashe samari zuwa yankan riɗi da dawa a manyan gonaki, azumi kuma yana rage masu zuwa da rana, don haka a shirya da asibiti a riƙa ɗiba bayan tarawihi. Mai bayarwa ya ci abinci ya sha ruwa kafin ya zo, ya huta kamar minti 15 bayan an gama, a ba shi zoɓo ko tsamiya da dabino, a gargaɗe shi kada ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya yi aiki cikin rana a wannan yini.

Kuɗin da ƙungiya ke bukata ba su da yawa: katin waya, kuɗin raksha, abin sha, wani lokaci ledoji da kayan gwaji idan sun yanke wa asibiti. Duk da haka a nan ne ƙungiyoyi suka fi mutuwa. Kada gudummawa ta shiga asusun Bankak, wato manhajar banki ta waya, na mutum ɗaya ba tare da wani na biyu yana ganin shiga da fita ba, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata, ko da abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Ba a karɓar ko sisi daga dangin majinyaci a daren da suke cikin tashin hankali. Wanda ya ji daɗi ya dawo bayan an sallame shi, a roƙe shi ya shiga rajista shi da 'yan'uwansa.

Wayar gaggawa ta kasance ɗaya, lambarta a rubuce a ƙofar masallaci da ɗakin haihuwa, tana zagayawa tsakanin 'yan kwamiti mako-mako don kada mutum ɗaya ya gaji ya fara kashe ta. Mai riƙe da ita, idan kira ya shigo, ya tabbatar da bukatar daga ma'aikacin asibiti tukuna, sannan ya kira mutum uku idan ana neman biyu, yana farawa da wanda ya fi daɗewa bai bayar ba kuma ya fi kusa. Ba ya tambayar ƙabilar majinyaci ko garinsu. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar hajji ta ajiye a nan kafin su da bayansu, sun zauna ne a tsakiyar wasu al'ummu, kuma ƙungiyar da ta ce jininta na Hausawa ne kaɗai ta rufe wa kanta ƙofar da za ta buƙaci bugawa ranar da mai AB salib ɗinta ya yi tafiya.

Dangane da yabo, akwai abin koyi a matasan Shari'ul Hawadis na Khartum, waɗanda suka fara aikinsu suna zaune a titin da ke kusa da asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf suna nema wa marasa hali magani da jini. Da suka gina ɗakin kulawa ta musamman a wani asibitin yara na Omdurman a 2015, mai sayar da shayin da suke zama a wurinta suka ba almakashin buɗewa. Shugaban ƙungiyar jini ya riƙa tura godiya inda ta dace, ya san sunan wanda ya bayar sau biyar da wanda ya bayar sau goma, ya ambace su a gaban iyayensu ranar 14 ga Yuni, wadda duniya ta keɓe don masu ba da jini, ya kuma koma ya gaya wa wanda aka tasa da dare cewa matar da ya taimaka ta tashi, ba tare da ya faɗi sunanta ba.

Tun a zaman farko a rubuta wa'adin shugabanci, shekara biyu misali, a kuma sa kowane mai muƙami ya sami mataimaki matashi da yake koya wa aikin, domin wanda ya kafa abu yakan ji nauyin sakinsa, kuma gara a yanke wannan magana tun ba ta zama ta mutum ɗaya ba. Yaƙin nan ya nuna mana cewa gari guda yana iya watsewa cikin 'yan kwanaki, kamar yadda ya faru da Wad Madani a Disambar 2023, saboda haka rajista ta kasance kwafi uku, biyu a takarda a gidaje daban-daban, ɗaya a waya, a riƙa daidaita su kowane wata. Duk wata uku magatakarda da mataimakinsa su bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, su soke waɗanda suka daina shiga, su rubuta garin da kowa ya koma, kuma idan mutum goma daga cikin rajista sun taru a Kasala ko Bur Sudan, a ba ɗaya daga cikinsu sunayen sauran tara da rukunin jininsu, ya je ya gabatar da kansa ga ma'ajiyar jinin asibitin da ke can.